Rahoto daga Lahore: yadda sola ta cika rufin gidajen Pakistan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu sana'ar haɗa sola a Kano da Kaduna da Maraɗi, da manoman rani. Ga bayanin yadda kasuwar nan take a Pakistan da inda ta sha bamban da tamu.

A shekarar 2024 kaɗai ƙasar nan ta shigo da faifan sola mai ƙarfin kusan gigawat 17, yawancinsa daga Sin. Ba gwamnati ce ta saya ba. Masu gidaje ne da masu masaƙu da manoma, kowa da kuɗin aljihunsa. Abu biyu ne suka haɗu: kuɗin wuta ya yi ta hawa, saboda gwamnati na biyan kamfanonin samar da lantarki ko an sha wutar ko ba a sha ba, ga sharuɗɗan bashin IMF na cire tallafi, a daidai lokacin kuma farashin faifai ya karye a Sin. Ku da kuka ga cire tallafin fetur a 2023 da ƙarin kuɗin rukunin Band A zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, kun san wannan zafin.

A kasuwar Hall Road ta Lahore ba a cinikin faifai da guda. Da wat ake ciniki. Ɗan kasuwa zai faɗa maka rufi (kuɗin Pakistan) nawa ne wat ɗaya a yau, ka ninka da wat ɗin faifan, 580 ko 585, farashi ya fito. Da wannan mai saye zai auna faifan kamfanonin Longi da Jinko da JA Solar cikin minti ɗaya, kuma da wuya a cusa masa ƙaramin faifai da tsada. Ya kamata 'yan Sabon Gari su ɗauki wannan tsari. Jabu kuwa akwai shi a nan kamar yadda yake a gida: faifai mai daraja ta biyu a manna masa takardar ta ɗaya. Masu wayo suna duba lambar da ke cikin gilashin, ba ta bayan faifan kawai ba, su ga ko sun yi daidai, sannan su auna shi da mita a tsakar rana kafin su biya.

Babban bambanci yana wajen batir. A gida mutum da batir yake fara lissafi: ya sayi manya huɗu, kuɗi su ƙare, ya ɗora faifai uku ko huɗu a kai. Batirin bai taɓa cika ba, kullum ana zuƙe shi fiye da rabi, cikin shekara ɗaya ko biyu ya mutu, a ce sola ba ta da amfani. A nan faifai ake cikawa, domin shi ne mai araha kuma shi ne mai rai sama da shekara ashirin. A 2015 hukumar NEPRA mai kula da harkar lantarki a Pakistan ta ba da damar mita mai ƙirga shiga da fita, wadda suke kira koriyar mita. A tsarin na 2015, da rana gida ya tura wa kamfani rarar wuta, da dare ya karɓa, sai layin gwamnati ya zama shi ne batirin. Yawan masu yin haka ya sa gwamnati ta yi ta neman rage kuɗin da ake biyansu, kuma a kasafin 2025 ta sanya harajin kashi 10 kan faifan da ake shigowa da shi.

Kada wani ya ji haka ya sayo inbata irin wadda ke jingina da layi kawai. Ana ɗauke wuta take mutuwa ko da rana na tsakiyar ka, an yi ta haka ne don kada ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. A wurinmu sai inbata mai haɗa sola da layi da batir. Abin ɗauka shi ne mayar da aiki mai nauyi zuwa rana: guga, jan ruwa zuwa tanki, sanyaya firiza, niƙa, duk tsakanin goma na safe da uku na yamma. Sai batir ya tsaya kan fitila da fanka.

Wajen noma ne abin ya fi burge ni. A karkarar Punjab injin rijiya mai ƙarfin doki 15, wato kusan kilowat 11, ana tuƙa shi da faifai 28 masu wat 580, ba batir ko ɗaya. Ana jera su layi biyu, 14 a kowane layi, su ba da kimanin bolt 600, su shiga na'urar da suke kira VFD. Ita ke juya wutar ta dace da injin, ta tashe shi a hankali da safe, ta ƙara masa gudu yayin da rana ke ɗagawa. Ƙa'idarsu ita ce faifai ya fi ƙarfin injin da kusan rabi, in ba haka ba ruwa sai wajen azahar. Wasu suna kafa faifan a kan ƙarfe mai juyawa, yaro ya tura shi ya bi rana. Wasu a kan tirelar tarakta, a kai gona da safe a dawo da shi gida saboda ɓarayi. A fadamun Haɗeja da Kadawa ruwa na kusa, sumo (famfon da ake nutsarwa cikin ruwa) mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da faifai huɗu zai maye gurbin injin fetur. Sai dai a lura: da ruwa ya zama kamar kyauta, manoman nan suka daina kashe injin, kuma masana suna kukan ruwan ƙasa na ja baya.

Abin da ke lalacewa iri ɗaya ne da namu. Siririyar waya a maimakon mai kaurin murabba'in milimita 6 ta tagulla tana zafi ta cinye wuta. Mahaɗin wayoyin faifai, wato MC4, da aka matse da filaya yana sassautawa ya yi tartsatsi, gobarar rufi da yawa daga nan take. Sanya bireka ta wutar gida a layin faifai ganganci ne, ba ta iya kashe tartsatsin wutar DC da faifai ke bayarwa. Zafi ma yana rage ƙarfi, kusan kashi 0.3 cikin ɗari kan kowane digiri sama da 25, shi ya sa a nan ake ɗaga faifai a kan ƙarafa iska na ratsa ƙasansa, ba a kwantar da shi kan kwano. Amma kada ku kwaikwayi karkatarsu: Lahore na nesa da layin da ya raba duniya biyu (ikweta), suna karkatar da shi digiri 25 zuwa 30, Kano kuwa 12 zuwa 15 ya isa, yana fuskantar kudu. Hayaƙin da ke rufe Lahore daga Nuwamba zuwa Janairu yana yi musu abin da hazon hunturu ke yi mana, don haka wanke faifai ya zama sana'ar samari: ruwa da burushi mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, sau ɗaya a mako idan ƙura ta yi yawa.