Na sauya wa Mama wayar girke mara igiya: abin da na gani cikin wata uku

Mahaifiyata ba ta saki jiki da wayar salula ba har yau. Lambar gida 'yan'uwa suka haddace, ita suke kira, shi ya sa da tsohuwar wayarmu mara igiya ta fara ba da matsala hankalina bai kwanta ba. Shekara 11 ta yi tana aiki. A ƙarshe sai ka ɗauke ta daga mazauninta, ko minti biyar ba a yi ba ta mutu ana tsakiyar gaisuwa. Madannin 5 da na 0 sun goge, sai an danna da ƙarfin babban yatsa, allon kuma rabin lambobin ba sa fitowa.

Batir na fara zargi, kuma shi ne. Da na buɗe murfin baya sai na tarar da dunƙulallen batir naɗe a leda, da 'yar igiya mai soket, irin wanda aka ƙera don wannan samfurin kaɗai. Na nema na gaji. Wanda na samu mai kama da shi bakin soket ɗinsa bai shiga ba. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, domin da batir ya samu da na haƙura da madannan na ci gaba da lallaɓa ta. Saboda haka da zan sayi sabuwa, sharaɗina na farko shi ne ta kasance mai cin batir AAA guda biyu na caji, irin NiMH mai ƙarfin bolt 1.2. Duk ranar da suka raunana, cirewa za a yi a sa wasu. A kula dai, kada a kuskura a sa mata batirin da ba na caji ba, don mazaunin zai riƙa tura masa wuta, yana iya yoyo ya lalata wayar.

Inda na fi jin bambanci shi ne sauti. Tsohuwar tana aiki ne a zangon 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci ke amfani da shi, shi ya sa kullum akwai wani shuuu a ƙarƙashin murya, har mun saba mun ɗauka laifin layi ne. Sabuwar kuwa tana aiki ne da DECT, wato tsarin sadarwa na wayoyi marasa igiya, wanda hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 1992, kuma yana da zangonsa na kansa: 1880 zuwa 1900 MHz a Turai da ƙasashe da dama, 1920 zuwa 1930 MHz a Amurka, inda ake kiransa DECT 6.0. Wannan 6.0 ɗin suna ne kawai na kasuwa, ba wai ta fi ta Turai ba. Ranar farko ƙanwar Mama ta kira, na ji Mama tana cewa, "Yau dai ina jin ki tangaram, kamar kina ɗakin nan."

A kwali an rubuta tana kai mita 50 a cikin gini, 300 a fili. Ni dai bango biyu tana ratsa su lafiya, a na uku murya ta fara tsinkewa, sai da na ɗaga mazaunin daga ƙasa na ɗora shi a kan wata kanta kafin abin ya gyaru. Cajinta kuwa tana kwana uku a gefen gado ba ta nemi mazauni ba.

Akwai abin da bai gamsar da ni ba. Rubutun cikinta ƙanana ne ga mai raunin ido, kuma kafin ka kai wurin ƙara ƙarfin ƙararrawa sai ka bi matakai huɗu. Sunaye 40 da ke cikin tsohuwar ɗaya bayan ɗaya na sake shigar da su da hannu, yamma guda ta tafi a kan haka. Babban abin kuma, wanda duk irin waɗannan wayoyin suka gada: mazaunin da wutar lantarki yake aiki. Aka ɗauke wuta, ko kan wayar cike yake da caji, ba kira ba amsawa. Don haka na bar wata tsohuwa mai igiya a jone a falo, ita daga layin take samun wutarta. Wanda layinsa ke bi ta akwatin intanet, wannan dabarar ba za ta fisshe shi ba sai ya tanadar wa akwatin batir.

Makon jiya na ƙara sayo kan waya na biyu na haɗa shi da mazaunin, minti biyu aka gama. Na ajiye mata shi kusa da kujerar da take zama da rana, na kuma sa lambata a madanni na 1, ta danna ta riƙe kawai.