Yaya, ga bayanin Bangaladash da ka nema

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya kasuwa ya iyali. Ka ce in faɗa maka gaskiyar yadda kaya da rayuwa suke a nan saboda mutanen layinku a Kwari suna ta tambayarka ko akwai abin sarowa, to bari in yi maka bayani yadda na gani da idona tun daga zamana na karatu a jami'ar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC da ke Gazipur kusa da Dhaka babban birnin ƙasar har zuwa yanzu da nake aiki.

Ƙasar nan talaka ce, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma yawancin mutanenta a ƙauye suke. Mutum kusan miliyan 170 ne a ƙasar da girmanta kusan daidai yake da a haɗa jihar Borno da jihar Neja, kusan kashi 90 cikin 100 Musulmi, Juma'a da Asabar ne hutun mako. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne duk talaucin nan kusan komai na amfanin yau da kullum da hannunsu suke yi, rigar jikinsu, maganin da suke sha, farantin cin abinci, fanka, har firij akwai na kamfaninsu Walton, kuma wannan shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake iya taɓa abubuwan da a wajenmu sai an jira kwantena ta iso daga Chaina kuma dala ta yi halinta.

Maganar tufafi da ta fi shafarka. Su ne na biyu a duniya bayan Chaina wajen fitar da ɗinkakkun kaya, sama da kashi 80 na abin da suke sayar wa waje kenan, kusan dala biliyan 40 a shekara, ma'aikata wajen miliyan 4 kuma mata sun fi yawa. Da safe a Gazipur in ka fito titi sai ka ga mata sahu-sahu a ƙafa kowacce da ɗan kwanon abincinta a hannu suna sauri kar a rufe get, wallahi ba ka ganin ƙarshen layin. To Yaya audugar da suke saƙawa ba su suke nomawa ba fa, kusan duka sayowa suke daga Indiya da Barazil da maƙwabtanmu Binin da Mali da Barkina Faso da Kamaru, a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Chittagong, a kaɗa zare a saƙa a ɗinka a kai Turai. Mu da muke da Funtuwa da Gusau muna ji muna gani masaƙun Kaduna da na Sharada suka mutu, wannan abu yana ci min rai duk lokacin da na ga dilar auduga an rubuta Kwatano a jikinta.

Sai dai atamfa da shadda da leshi babu su a nan, kar kowa ya yi asarar kuɗin tikiti saboda su. Abin da ke akwai tishat ne da jins da suwaita da kayan yara, musamman rarar oda, wato wanda aka ɗinka wa kamfanonin Turai ya yi saura ko aka ƙi karɓa saboda ɗan aibi, su ne ake zubewa a kasuwannin Dhaka irin su Bongo Bazar da ta yi gobara a 2023 da New Market, yadin mai kyau ne kuma da araha, amma sai ka duba ɗaya bayan ɗaya don in ka sayi ƙulli a rufe za a cusa maka na yarwa a tsakiya. Kuma arahar nan da gumin wasu aka same ta, mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a wata a kuɗinsu taka 12,500 ne tun ƙarshen 2023, wajen dala 100 da ɗan wani abu, mace ta biya hayar ɗakin kwano ta ci ta aika wa iyaye ƙauye duk a ciki, ga benen Rana Plaza da ya rufta a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100 suna kan keken ɗinki, Allah Ya jiƙansu.

Magani kuwa sun fi mu nesa ba kusa ba, kusan duk abin da ke kantin magani na gida ne, kamfanoni irin su Square da Beximco da Incepta, har waje suke kaiwa, maganin hawan jini irin na Inna ban taɓa zuwa an ce babu ba. Amma asibitin gwamnati cunkoso ne kamar namu, marasa lafiya har a ƙasa a baranda, mai hali Indiya yake tafiya.

Abinci shinkafa ce safe rana dare, da miyar wani ɗan wake da suke ce wa dal, da kifi, da man mustad mai hawa hanci. Kifi da araha saboda kusan kowane gida a ƙauye da kududdufinsa na kiwo, naman shanu ne dai sai wane da wane, kilo ya haura taka 700, talaka sai da layya yake ƙoshi da shi. Gero da dawa babu, kuka da daddawa babu, kuɓewa da kabewa da alayyahu kam har ka gaji. Lalon da muke miya da shi su ma suna cin ganyen, amma barinsa suke ya yi tsawo ya wuce mutum, a yanke a jiƙa a ruwa a ɓare ɓawon a yi igiya da buhun algarara a sayar wa duniya.

Na je ƙauyen wani abokin aikina wajen Mymensingh, nan ne na gane yadda ƙasar take riƙe da wannan ɗimbin jama'a. Babu taku ɗaya na ƙasa da aka bari haka nan, shinkafa sau biyu wani wurin sau uku a shekara, ta rani ma da suke kira boro ta fi ta damina yawa, da ɗan injin ban ruwa mai dizal da ƙaramar taraktar hannu da mutum ɗaya zai saya duk unguwa su yi haya. Babansa gonarsa ba ta kai eka ɗaya ba, amma a bakin kududdufi ya yi rumfar gora kabewa ta hau, a ƙasa kifi, agwagi a sama, saniya biyu a bayan ɗaki, kashinsu kuma mamar tana mulmulawa a jikin kara ta shanya ta yi girki. Wutar lantarki ta kai gidan, ana ɗaukewa sosai lokacin zafi amma tana dawowa a ranar, kuma kowane gida da tuƙa-tuƙa, sai dai wasu an shafa musu jan fenti alamar ruwan yana da gubar arsenik kar a sha.

Ƙaramin bashin jari da ake ba mata, wanda Muhammad Yunus ya yi suna da shi har ya samu kyautar Nobel a 2006, ya shiga ko'ina, Grameen da BRAC da ƙananan ƙungiyoyi barkatai, duk mako mai karɓa zai zo da littafinsa. Na ga wadda ta sayi akuya da keken ɗinki da shi ta tsaya da ƙafarta, na kuma ji labarin masu cin bashi nan su biya can, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba saboda akwai kuɗin ruwa a ciki, adashenmu ya fi min tsafta. Tura kuɗi kuma sai bKash, tun 2011, mai rikisha, wato keken ɗaukar fasinja, ma yana aika wa matarsa ta waya ta karɓa a shagon ƙauye, kamar dai masu POS ɗinmu.

Abin da ba zan yi musu kara ba shi ne Dhaka, go-sulo na kisa, tafiyar minti ashirin ta cinye awa biyu duk da jirgin ƙasa na sama da aka buɗe a ƙarshen 2022, lokacin sanyi hayaƙin masu gasa bulo ya rufe gari kowa na tari, da damina ruwa ya cika titi ga zazzaɓin dengi da ya kashe sama da mutum 1,700 a 2023. Duk wanda zai zo ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya taho da takunkumi da gidan sauro, kuma ya fara da 'yan dozin na gwaji a jaka kafin a yi maganar kwantena. Ka gaida Inna da su Anti da yara, ka ce ta sa ni a addu'a.