Jiragen Haya na Lamu: Abin da Fasinja Zai Tarar

Garin Lamu yana kan wani tsibiri a arewacin gaɓar tekun Kenya, kuma babu mai shiga cikinsa sai ya hau ruwa. Wanda ya zo ta sama yana sauka a filin jirgin da ke tsibirin Manda, wanda ya biyo bas daga Mombasa ko Malindi kuwa yana tsayawa a Mokowe, garin da ke bakin gaɓa daura da tsibirin Lamu, daga nan ƙananan jirage masu inji su ƙetarar da kowa. Na yi kwana takwas a garin domin Maulidin masallacin Riyadha da ake yi a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, kuma kusan kullum sai na hau waɗannan jirage.

Jiragen iri biyu ne. Akwai babba na katako wanda yake jira sai ya cika, yana ɗaukar mutane tare da buhunan shinkafa, siminti da jarkokin mai, kuɗinsa kaɗan ne amma yana buƙatar haƙuri. Akwai kuma ƙaramin mai gudu da ake ɗauka shata. A nan baƙo yake shan wahala, domin ban ga farashi a rubuce ba, kuma 'yan kamasho sukan tare mutum tun kafin ya ajiye jakarsa. A ranar farko na biya fiye da ninkin abin da ɗan gari ya biya a jirgi ɗaya, sai daga baya mai masaukina ya koya mini in yi ciniki da matuƙin da kansa, wanda suke kira nahodha. Da yawansu suna karɓar kuɗi ta M-Pesa, wato tsarin biyan kuɗi ta wayar salula, abin da ya raba ni da neman canji.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙwarewar matuƙan. Ruwan mashigin yana cika yana janyewa sau biyu a yini, idan ya janye kuma sai tudun yashi ya bayyana a inda ɗazu jirgi ya wuce, amma nahodha yana karanta launin ruwa kamar yadda makiyayi yake karanta daji. Sun san iskar kusi da ke tayar da igiyar ruwa a tsakiyar shekara, sun san kaskazi mai sauƙi da ke zuwa wajen Disamba, kuma wanda ya kai ni ƙauyen Shela ya ƙi tashi wata yamma har sai da iska ta lafa, ko da yake jinkirin ya rage masa ciniki.

Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lungunansa ba su ɗaukar mota, saboda haka daga bakin tasha jakuna ne suke kwashe kayan da jirage suka sauke. Ma'aikatan gwamnatin gundumar, wadda take ɗaya daga cikin 47 da suka fara aiki a 2013, da 'yan makaranta da majinyata daga sauran tsibiran, duk wannan hanya suke bi.

Shi ya sa sakacin da na gani game da rigunan ceto ya dame ni. A wani jirgi da muka dawo da shi daga Manda bayan magariba, fasinjoji sun fi rigunan yawa, waɗanda ake da su kuma an cusa su ƙarƙashin benci, igiyoyinsu sun tsinke. Da na nemi ɗaya yaron jirgin ya miƙo mini yana dariya, wata dattijuwa da ke riƙe da jikarta ita ma ta ce a ba ta. Matakalar tashar tana da santsi idan ruwa ya janye, kuma dattijon da muka zo tare sai da mutum biyu suka riƙe shi kafin ya taka ƙasa.

Ranar komawa na zaɓi babban jirgin katako na sassafe zuwa Mokowe, lokacin da ruwa yake kwance, na zauna kusa da inda aka ajiye rigunan.