Dogonyaro Ko Ɗorawa?

Maƙwabcina a Rigasa ya tambaye ni wanne zai shuka a gonarsa, dogonyaro ko ɗorawa.

Dogonyaro baƙo ne, asalinsa yankin Indiya. Yana jure fari, kafin ka ankara ya yi inuwa. Abin da ke damuna shi ne yaɗuwarsa: jemagu da tsuntsaye su sha 'ya'yan, su yar da ƙwallon ko'ina. Inda ya yi kaka-gida, itatuwanmu na gado sai su rasa wurin tasowa.

Ɗorawa kuwa sai da haƙuri, takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Amma da kalwarta ake daddawa, yara kuma su sha garinta.

Na ce masa, Malam, shuka ɗorawa. Dogonyaro ko ba ka shuka ba, jemage zai kawo maka.