Ofishin akantan da ke riƙe mana littafin shago a Jidda

Masu tambayata wa ke mana lissafi, wani ƙaramin ofishi ne nan kusa da unguwar Balad, tsohon garin Jidda. Harkar ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya, ce ta kai mu wajensu, tunda aka wajabta fatura, wato rasiɗin ciniki, ta lantarki a Disamba 2021, ga VAT, harajin nan na 15% a kan kayan sayarwa, da ake cikewa duk wata uku, mai shago shi kaɗai kansa zai ɗau zafi. Wannan ɓangaren kam ba su da wasa, ba sa bari lokaci ya ƙure.

Amma inda suka burge ni sosai shi ne wani lissafi da suke sawa a rahoto, nisbatut tadawul. Ana tara duk abin da ke hannunka wanda zai zama kuɗi cikin shekara ɗaya, tsabar kuɗi, na banki, kayan da ke sito, bashin da kake bin mutane, sai a raba shi da abin da ake binka wanda dole ka biya cikin shekarar, kuɗin dilolin da suka ba ka kaya, albashin yara, haya idan ta taru, har da VAT ɗin da ka karɓa hannun kwastoma don wannan ba naka ba ne, ajiya ce. Misali kana da riyal 400,000 ana binka 200,000, ya fito 2 kenan, ko wane riyal na bashi akwai biyu a bayansa. In ya yi ƙasa da 1 to fa akwai magana.

Namu ya fito da kyau, Kawu har yana murna, sai akantan ya ce Alhaji dakata mu buɗe cikin lambar tukuna. Ashe kaso mai yawa abaya ce da jallabiya da suka kwana tun aikin Hajjin bara, yayinsu ya wuce, sai an karya farashi za su fita, sauran kuma bashi ne wajen 'yan kasuwar Kano da muke tura wa kaya ta kago, su da naira suke sayarwa, riyal kuwa a ɗaure yake da dala a 3.75, kowa ya san abin da naira ta yi tun 2023, shi ya sa biya ke jan ƙafa. Da ya cire kayan sito ya sake rabawa sai lambar ta faɗo warwas. Dila ba zai karɓi abaya a madadin kuɗinsa ba ai.

Ya kuma nuna mana yadda ake wa lambar kwalliya, a misalin can in ka biya 100,000 ana gobe rufe littafi sai ta koma 300,000 a kan 100,000, wato 3, alhali ko halala ba ta ƙaru ba. Haka wanda ya auna a ƙarshen Ramadan lokacin Umara ta cika gari, ba daidai yake da wanda ya auna a Safar ba.

Inda suka gaza, rahoton da Larabci zalla yake zuwa, irin Larabcin akantoci mai nauyi, sai ka je ofis an zauna an warware maka, kuma in lokacin cike VAT ya matso saƙon WhatsApp sai ya kwana ba amsa. Kuɗinsu ma ba araha ba gaskiya, mai ɗan tebur ba zai iya ba. Amma mai shago da ke karɓar kaya bashi yana bayarwa bashi, ya je, kuma ya ce a fitar masa da lissafin kashi biyu, da kayan sito da kuma ba su.