Inshorar tafiyarmu ta jirgin ruwa: ta fitar da mu kunya a Palermo, ta wahalar da mu a gida

Gaskiya don biza na nemi inshorar nan, ba don na yarda da ita ba. Duk wanda ya taɓa neman bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya san ba a karɓar takardu sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, wadda ta haɗa da dawo da mutum gida in rashin lafiya ta yi tsanani. Niyyata in ɗauki mafi araha a liƙa a fayil. Wani abokin aikina da ya taɓa irin tafiyar ne ya tsayar da ni, ya ce, "Yallaɓai, duba ko an rubuta jirgin ruwa a ciki. Da yawansu a tudu kawai suke aiki." Na duba, babu. Na ƙara kuɗi ina ƙorafi, aka sa mana kariyar jirgin ruwa ni da uwargida.

A watan Oktoban 2023 muka tashi daga Barcelona, kwana 7 a kan Bahar Rum. Mun tsaya Marseille da Genoa da Civitavecchia, inda ake sauka a shiga birnin Rum. A daren da muka nufi tsibirin Sisili, bayan mun yi isha'i muka fito shan iska. An wanke matakalar bene bai gama bushewa ba, santsi ya kwashe uwargida. Har yau ina jin ƙarar faɗuwar nan. Ta riƙe rigata tana cewa, "Baban yara, ƙafata, kar ka taɓa." Kafin a kawo keken marasa lafiya idon sawun ya kumbura, takalmi ya ƙi fita sai da aka yanka igiyarsa da almakashi.

Asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, kuma ba ya cikin kuɗin tikiti. Komai suka yi maka, daga ganin likita har bandeji, a kan lissafin ɗakinka ake ɗorawa. Suka ɗauki hoto, likita ya nuna mini karaya wuri biyu, ya ce sai tiyata, kuma ba sa yin irinta a jirgi. Da safe za a sauke mu a Palermo, babban birnin Sisili, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa.

Ƙarfe 2 na dare na kira lambar gaggawa da ke bayan takardar inshorar, hannuna na rawa, ban sa rai za a ɗauka ba. Wata mata ta ɗauka nan take. Ta karɓi lambar inshora, ta ce in ba ta likitan su yi magana kai tsaye. Wallahi kafin jirgi ya tsaya motar asibiti na jiran mu a bakin tasha. Masu inshorar suka tura wa asibitin takardar ɗaukar nauyi, ban fitar da ko sisi ba a kan tiyatar da kwana 5 da ta yi a kwance. Suka kama mini ɗaki kusa da asibitin, suka haɗa ni da tafinta ta waya saboda ma'aikatan jinyar Italiyanci suka fi ji. Da muka zo komawa, kujera biyu suka saya mata don ta miƙe ƙafar, ga mai tura keke a kowane filin jirgi har Abuja. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi babu kamarsu. Na yi wa matar nan da ta ɗauki waya addu'a ba adadi, ko sunanta ban riƙe ba.

To amma da na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya sake ɓaci. Kuɗin asibitin jirgi ni na biya da katina kafin mu sauka, suka ce in ajiye rasit za a mayar mini. Na kai rasit da rahoton likita da takardar da jami'in jirgi ya rubuta kan faɗuwar. Bayan mako 3 aka ce rahoton ba hatimi. Na nemo mai hatimi. Aka ce a fassara na asibitin Palermo, da kuɗina. Mutanen da suka ɗauki wayata da tsakar dare a tsakiyar teku, a ofishinsu na gida sai ka kira sau 10 ba a ɗauka ba. Ashe ma ba kamfani ɗaya ba ne: na gaggawar abokan hulɗarsu ne na waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar hawan jini. A daren, saboda zafin ciwo jininta ya hau, likita ya yi mata allura ya riƙe ta yana aunawa har asuba. Suka cire wannan gaba ɗaya, wai tsohon ciwo ne da ba mu bayyana ba. Na gaya wa ejan kamfanin da bakina tana shan magani kullum, shi ya cike fom ɗin sayen inshorar, ya ce, "Alhaji, sa hannu kawai, wannan ba komai." Da na nemi kwafin, sai ga "a'a" a gaban tambayar, ga sa hannuna a ƙasa. Kwanakin jirgin da muka rasa kuwa, ɗan abin da suka ba mu bai kai na mutum ɗaya ba, bayan sun zare kason da suka ce wanda ya sayi inshora ke ɗauka.

Sai da na rubuta musu cewa zan kai koke hukumar NAICOM, mai kula da kamfanonin inshora a Najeriya, kafin kuɗin suka fito, a Fabrairun 2024. Da naira suka biya, a farashin ranar da na kashe, alhali a lokacin dala ta haura naira 1,500. Yuron da na fitar a jirgi, abin da ya shigo asusuna ba zai sake sayensu ba.

Uwargida ta ce in bar maganar, tunda tana takawa da ƙafarta, alhamdulillahi. Ni kuwa fom ɗin nan na hawan jini yana nan cikin durowata, kuma na rubuta musu wasiƙa ta uku a kansa.