Injin faskaren icce haɗin gida: wanne ya kamata ka sa kuɗinka, ku ji daga wanda ya sha wuya

Tun da na kafa injin faskaren nan bakin wurin da nake saida icce nan Maradi kusan kullum sai wani ya tsaida moto ya tambaye ni wa ya haɗa min, nawa na kashe, kuma shi ma in zai yi wane iri zai yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Sana'ata icce, masu gidan burodi da masu tuyar ƙuli-ƙuli da 'yan tsire su ne manyan masu saye wajena, ni ba injiniya ba ne, amma na kashe kuɗi har sau biyu kan abu guda kuma wanda ya yi haka dole ya koyi wani abu.

Abu na farko, ku cire ranku daga irin wanda kuke gani a bidiyon Facebook na Turawa, wanda ke jawo gungume da kanshi ya yanka ya faskara ya zuba cikin mota. Wancan an yi shi ne don itacensu miƙaƙƙe kamar falwaya. Namu na nan dubi abin da kamiyo ke sauke mana daga wajen Baban Rafi da ƙauyukan Madarunfa, geza, sabara, taramniya, wani lokaci kututturen bagaruwa ko bedi da aka sare cikin gari, duk a karkace, duk gaɓoɓi. Ba bel ɗin da zai ja wannan ya tafi daidai. Yanka daban, faskare daban, yaro biyu da tebur mai ƙarfi sun fi duk wata sarƙar jan icce da mai walda zai ce zai ƙera maka.

To injin faskaren kanshi iri uku ne ake haɗawa. Akwai mai dunƙulen ƙarfe kamar katantanwa da ke juyawa yana huda icce, shi ya fi arha, kuma ni ko kyauta aka ba ni ba zan kafa shi ba, don ranar da ya kama hannun riga ko bakin rawani ba ya tsayawa sai ya naɗe mutum. Akwai mai manyan ƙafafun ƙarfe masu nauyi da ke juyawa su harba sanda, wannan yana da sauri ƙwarai, daƙiƙa 2 ko 3 ya gama, amma ya haɗu da gaɓar ƙirya ko bagaruwa sai ya yi tsalle ya dawo, haƙoran sandar su karye, kuma ba kowane mai tuwal (injin sassaƙa ƙarfe) ba ne zai yanka maka wasu daidai. Na bar su nan.

Na uku shi ne mai aiki da matsin mai, haidurolik, irin ƙarfin da ke ɗaga hannun katafila. Shi nake da shi, shi nake ba kowa shawara, kuma dalilina ba boyayye ba ne: ba ya gaggawa, ba ya duka, turawa kawai yake a hankali har icce ya buɗe, in ka saki hannu ya tsaya cak. Na taɓa ɗora mishi gindin aduwa da masu gatari biyu suka yini a kai suka bari, na ji injin ya canza murya, allurar agogon matsi ta hau, sai ƙas, ya rabe biyu, yaron da ke kama min har ya yi kabbara. Kayanshi biyar ne: injin da ke juyawa, famfon mai, silinda (in ka je wajen masu kayan manyan motoci ka ce vérin sun gane), bawul mai hannu da ke tura mai gaba ko baya, sai tanki da tiyo. Sauran duk aikin mai walda ne.

Lissafinshi ba wuya kuma don Allah ku riƙe shi don da shi za ku kama maƙaryaci. Ƙarfin turawa ya danganta ga faɗin cikin silinda da matsin mai. Silinda mai faɗin milimita 80 a matsin bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi da agogon ke nunawa) tana ba da wajen tan 10. Mai milimita 100 a wannan matsin wajen tan 16. Saboda haka in wani ya nuna maka siririyar silinda kamar hannun yaro ya ce tan 30 ce, ka yi mishi sallama. Ga sabara da geza da bedi 80 ta isa har ta yi yawa, amma mai kututture irina 100 zai nema. Babba kuma mai take sha da yawa: in tafiyarta santimita 50 ce, mai 80 lita 2 da rabi ke cika ta, mai 100 kusan lita 4, to in famfonka ƙarami ne sai ka tsaya kana kallonta tana rarrafe kamar hawainiya.

Nan ne zancen injin juyawa ke shigowa. Mutane da yawa suna ɗauko ƙaramin injin esansi irin na ban ruwan lambu a Gulbi, mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5, yana aiki, amma da famfo na gama-gari abin da zai iya turawa a bar 200 bai wuce lita 12 a minti ba, wato silinda mai 100 za ta ci kusan daƙiƙa 20 kafin ta kai ƙarshe, ban da dawowa. Maganinshi famfo mai hawa biyu, wanda ke gudu da mai da yawa in ba nauyi, in ya ji icce ya rage gudu ya ƙara ƙarfi da kanshi, kuma an yi shi ne don injin da ke juyi 3600 a minti. Samunshi nan Maradi sai an yi oda. Ni dai na zaɓi injin gazwal mai silinda ɗaya irin na masu niƙa, na Sin, mai doki 15 zuwa 16 da ke juyi wajen 2200, na haɗa shi da famfo mai ba da cc 10 kowane juyi (cc 1000 ne lita ɗaya), lita 22 kenan a minti, silinda ta fita cikin daƙiƙa 11. Dalilina kowane bakanike a garin nan daga unguwar Mokoyo har unguwar Zariya ya san cikin injin nan, kayan gyaranshi na nan cikin kasuwa, kuma yana yini yana aiki bai damu ba. Injin juyawa mai aiki da kuran (lantarki) kuwa sai wanda ke da wuta mai layi uku kuma ya yarda aikinshi ya tsaya duk lokacin da aka ɗauke.

Abu ɗaya, kar a ɗaura fuli kai tsaye bisa wuyan famfo a ja shi da bel, jan gefe yana cinye shi. A sa sanda mai boris biyu ta ɗauki jan bel ɗin, sannan a haɗa ta da famfo miƙe. Kuma famfo yana da hannun da yake juyawa, dama ko hagu, akwai kibiya a jiki, a duba kafin a saya.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Karon farko na tsallaka Ɗan Isa na bi ta Jibiya har Kano neman kaya, wani mai saida kayan gwangwan ya fito min da silinda ta sha sabon fenti rawaya tana ƙyalli, ya ce Alhaji wannan daga jikin katafila aka ciro ta, ko shekara ba ta yi ba. Na ce a jawo sandar in gani, ya ce ai ta yi tauri sai da mai, kuma ga dare na yi mota za ta tashi. Na biya kuɗin da zai sai min ragon layya mai kyau, na biya duwan, na kawo. Ranar da muka haɗa, sandar na fitowa sai ga zane dogo tun daga tsakiya har baki, farce na shiga ciki, ga wasu ramuka na tsatsa an cike su da wani abu an goge. Mai ya riƙa tsiyaya kamar an huda salka, robar bakin silinda da muka canza kwana 3 ta yi ta yage. Mai waldana ya dube ni ya ce maigida wannan sai dai a yi turken akuya da ita. Walle ranar ban ci tuwon dare ba.

Don haka duk silindar da ba a jawo sandarta duka waje ba kar ka biya, ko da mai ita zai rantse da abin da zai rantse. A buɗe bakin tiyo biyu, a ɗaure gindin, mutum biyu su ja, za ta fito. Ka bi ta da farce daga farko har ƙarshe, ka ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe ka ga ko ta lanƙwashe. Ka ƙirga bakin shigar mai, dole biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Jak ɗin tifa da suke yawan tallatawa baki ɗaya gare shi, nauyin bodi ke maida shi, in ka kwantar da shi zai fita ba zai dawo ba. Sabon fenti a tsohon kaya kuwa ni yanzu alamar a guje ce a wurina, na fi son in ga dattinshi na asali. Haka famfo: suna wanke wanda ya mutu da gazwal su sa a kwali, wasu ma famfon sitiyarin mota za su miƙo maka su ce zai yi, alhali shi ba ya kai matsin da ake so kuma man da yake turawa kaɗan ne. Sharaɗina yanzu a gwada famfo da agogo gabana, mai ya yi zafi tukuna, don mataccen famfo yana nuna ƙarfi in mai na da sanyi, ya ɗumama sai allura ta faɗi. Injin esansi ma an cika kasuwa da masu jan fenti da takardar Honda manne, na gaske lambar GX da lambar injin a sassaƙe suke jikin ƙarfen. Ba laifi ka sayi na Sin da sunan na Sin da kuɗin na Sin, cutar ita ce a karɓi kuɗin asali a ba ka kwaikwayo. Zarto mai sarƙa ma haka, jabun Stihl sun fi na gasken yawa a idona, kala ɗaya, kwali ɗaya, sai ka ɗaga ka ji robar ba nauyi. Tiyo kuma a sayi sabo mai waya biyu a ciki wanda aka rubuta matsin da yake ɗauka, a matse bakinshi da inji, ban da ɗaurin waya ko kilif na tiyon ruwa. In tiyo ya yi ɗan huji kar wanda ya shafa da hannu yana nema, man da ke fita da wannan matsin yana huda fata ya shiga nama, abin asibiti ne nan take ko da ramin bai fi na allura ba. A nema da guntun kwali.

Bawul ɗin a tabbata yana da abin sakin matsi a jiki kuma hannun yana komawa tsakiya da kanshi in an saki. A ɗaure abin sakin matsin wajen bar 180 zuwa 200, kar a bar yara su ƙara don wai ya ƙara ƙarfi.

Gangar jikin kar a yi rowar ƙarfe. Dogon ƙarfe mai siffar H na gini, mai kauri, ba fallen da aka lanƙwasa ba, tan 16 in ya rasa icce ƙarfen zai murɗe. Bakin gatarin mu da faranti mai kauri muka yi, muka yi mishi baki da sifirin kamiyo, har yau sau biyu kawai aka wasa. Ban da gatari mai baki huɗu, iccenmu ba ya rabuwa haka.

Zafin garin nan kuma ba a yi injin Turawa da shi a rai ba. Watan Afrilu da Mayu zafin rana na wuce digiri 40, tanki ƙarami mai zai yi zafi ya tsinke ya cinye robobi. Nawa lita 60 ne, ƙarƙashin rumfa, man haidurolik lamba 68, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. In ka ɗora tafin hannu bisa tanki ka kasa barinshi, a kashe a sha shayi. Lokacin hunturu ƙura ke kashe famfo, a sa matata a hanyar dawowar mai, murfin tanki ma da tata, jarkar zuba mai a rufe.

Wasu na ce min injin nan zai ƙarar da daji. Inji ba ya sare icce, abin da aka kawo yake fasawa, kuma ni ya sa ina sayen kututturan da da ake bari suna ruɓewa don ba mai iya su. Tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin icce na ƙauyuka, lodin da ya fito ta hanya da takardarshi yake zuwa, ni ba na sauke wanda ba shi da ita, ɗanyen gawo kuwa ko a bakin wurina ba na son gani, ma'aikatan gandun daji suna zagayawa kuma gaskiyarsu ce. Manoman da ke sassaben zamani, wanda a yankin nan namu aka faro shi tun shekarun 1980, su ma suna kawo rassan da suka rage daga gonakinsu, waɗannan ko injin ba su buƙata, zarto kawai.

Masu gatarin da ke min aiki da, biyu daga cikinsu su ke riƙe da injin yanzu. Doka biyu na kafa musu: wanda ya ɗora icce shi ke jan hannun bawul, ba mutum biyu ba, kuma icce ta gefe ake riƙe shi, ba ta kai ko gindi ba. Mai son gani da ido ya zo da safe kafin rana ta ɗaga, ya taho da gungumen da ya gagare shi mu gwada.